Ƙurunƙus da Tsakar Rana

Labo ɗan Bengou ne, amma a Gaya ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Gaya ya yi aure, kuma a Gaya ake cewa ya kashe ƙanin matarsa da alƙalami. Masu faɗin haka ba su yi ƙarya ba, sun dai gajarce zancen ne, kamar yadda mutane suka saba idan su ma suna tsaye a wurin ranar da abin ya faru.

Ya fito lakwal da sartifika a hannu da Faransanci a baki, aka ba shi aikin yankan tikiti a bak, wato babban jirgin ruwan nan da ke ƙetarar da motoci zuwa Malanville, ƙasar Dahomey. A nan ciwon rubutu ya kama shi. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da ke tasowa daga bakin teku sukan zo da tsofaffin mujallu, wasu an ƙunshe soyayyen kifi a ciki. Labo ya roƙa, ya warware, ya goge man da gefen riga, ya karanta har tallan sabulu. A shafukan baya akwai gajerun labarai, kowanne da sunan wanda ya rubuta shi, wani har da hoto, mutum ya sha taye yana kallon nesa. Labo ya duba, ya sake dubawa, ya ce a ransa waɗannan ba su fi shi kai ba. Da aka gina gada bak ya mutu, aikin tikiti ya bi shi, Labo ya koma fadamar shinkafar ubansa. Amma bai ajiye alƙalamin ba.

Shekaru ya yi yana aikawa. Ya rubuta, ya kwafe da kyau a farar takarda, ya liƙa tambur, ya kai posta, ya dawo ya zauna jira. Ya aika Dakar, ya aika Abidjan, ya aika har Faransa. Duk gasar da ya gani sai ya shiga, ko da ranar rufewa ta wuce kafin mujallar ta iso Gaya. Yawanci shiru kake ji. Wani lokaci a maido masa da takardunsa tare da ɗan guntun bugun inji mai cewa an gode. Matarsa Zuwera ba ta taɓa hana shi ba, ta dai roƙe shi ya bar karanta mata su lokacin da take tuƙin tuwo.

Wanda ya fi kowa sa shi gaba shi ne Tanko, ƙanin Zuwera, masunci mai kwalekwale, magidanci da mata da jaririya, amma bakinsa bai girma ba. Tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, kuma Tanko ba ya barin haƙƙinsa ya kwana. In ya hango Labo ya fito daga posta da ambulan a hannu, tun daga nesa zai ɗaga murya.

"Mushe Angode! Yau ma sun gode?"

Mushe shi ne malam a bakin 'yan lakwal, sunan kuwa ya bi Labo har masallaci. Amma duk garin Tankon ne kaɗai ke zama ya saurara. Yana gyaran koma, Labo na juya masa labari zuwa Hausa, shi kuwa yana tsoma baki, yana cewa kurar nan ta cika wauta, ko matar nan ba haka mata ke magana ba. Labo yana jin haushinsa, yana kuma sonsa ƙwarai.

Akwai abu ɗaya da Labo ke yi wa kowane rubutu nasa. Ko da Faransanci ne, a samansa sai ya sa "ga ta nan, ga ta nanku" da Hausa, a ƙarshe ya rufe da "ƙurunƙus kan kusu", yadda kakarsa ke yi a Bengou. A ganinsa wannan ladabi ne. Wanda zai ƙaga zance ya fara sanar da mutane cewa ƙagawa zai yi, in ya gama ya ce ya gama, kowa ya tashi ya kaɗe zani ba a riƙe komai ba. Wanda ya ƙaga bai sanar ba, ai wannan maƙaryaci ne kawai. Duk ƙasar haka ta sani. Abin da aka buɗe da ga ta nan, gatana ce, wato tatsuniya. Abin da ba a buɗe ba, labari ne, ya faru.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, wani mai mujalla a bakin teku ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi, ya amsa wa Labo da rubutun hannu. Ya ce yana da baiwa, amma zamanin tatsuniya ya wuce. Su abin da suke nema shi ne nouvelle. Ya cire kura da zomo, ya cire wannan buɗewa da rufewa, ya rubuta mutane masu rai da wurare masu suna, yadda mai karatu zai rantse abin ya faru. Akwai gasa tana tafe, ya gwada. Labo ya yi ta yawo da amsar nan a aljihu har ta yage a kan ninki. Kalmar nouvelle kuwa, kamar "labari" take a bakinmu, da wanda ka ƙaga da wanda ka jiyo ka kawo, duk sunansu ɗaya. Labo ya san haka sarai, bai dai ga abin tsoro a ciki ba.

Lokacin ba na wasa ba ne. An yi ɓatacciya da Dahomey, an tare gada da ganguna da waya. Ga kuma raɗe-raɗin cewa wasu na ƙetaro kogi da bindigogi don su kifar da gwamnati. Ba wanda ya gan su, kowa kuma ya san wanda ya gan su. Aka tara samari, aka ce su yi sintiri a bakin ruwa, suka yanko sanduna, suka ɗaura jan ƙyalle a dantse. Shugabansu Idi ne, wanda da yake dako a bak, ƙato mai wuya kamar turmi. Duk rayuwarsa ana ce masa ɗauki, sauke, yanzu ya sami ranar da zai ce a tsaya a tsaya.

Labo ya ce to, ga abin da mutane masu rai ke magana a kai. Ya shirya labarin wani masunci da ke ɓoye bindigogi a ƙarƙashin busasshen kifi. Da ya gaya wa Tanko, sai Tanko ya ajiye koma ya tafa.

"Mijin yaya, ni za ka sa! Kuma kada ka ba ni 'yar ƙaramar bindiga, babba nika so."

Don tsokana Labo ya sa shi. Ya sa sunansa, ya sa giɓin haƙorinsa, ya sa kwalekwalensa mai facin gwangwanin madara a goshi, ya sa mashigin nan mai giginyu uku inda yake ɗaure shi, ya ce a gindin ta tsakiya ake binne kayan. Bai taɓa rubutu mai kyan wannan ba, shi ma ya sani. Da ya zo kwafewa, hannunsa ya fara rubuta ga ta nan da kansa, ya tsaya, ya ɗauki sabuwar takarda. Ya ji kamar ya fita kasuwa ba wando, amma ya daure, ya bar sama fayau, ya bar ƙasa fayau.

Saura aikawa. Wasiƙun bakin teku ta gada suke bi, gada kuwa a rufe, ranar rufe gasa na matsowa. Masunta dai ba su fasa satar hanya su kai kifi ƙetare ba. Tanko ya karɓi ambulan ɗin, ya cusa a cikin hularsa, ya ce zai jefa a postar Malanville. A bayanta Labo ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ta gasar nouvelles ce.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. 'Yan sintiri suka tare Tanko yana tura jirgi, suka zazzage kwandunan kifi, wani ya fizge hular, ambulan ta faɗo. Suka ce mene ne wannan. Tanko, da bai taɓa sanin inda ake yin shiru ba, ya yi dariya.

"Labari na, na mijin yayata. Ƙetare zan kai shi."

A fadama suka sami Labo, laka har gwiwa. Ba su tambaye shi komai ba. Suka zarga masa igiya a ƙugu, suka ja shi ta cikin gari, in ya faɗi su tashe shi da sanda. Kafin su iso kasuwa, kasuwar ta watse ta sake haɗuwa a wuri ɗaya, gaban rumfar mahauta. An ɗaure Tanko a jikin dirka, ido ɗaya ya rufe, leɓe ya fashe, rigarsa ta rine da jini. Zuwera na bayan taro tana kururuwa, mata biyu sun riƙe ta.

Idi bai iya karatu ba, don haka aka kira Alassan, magatakardan 'yan sintirin, wanda suka zauna benci ɗaya da Labo a lakwal. Idi ya miƙa masa ambulan.

"Mi anka rubuta a baya?"

"Nouvelles," in ji Alassan. "Labarai ke nan."

"Kun ji ko? Buɗe ka karanta muna."

Alassan ya karanta, yana juyawa zuwa Hausa jimla bayan jimla. Kasuwa ta yi tsit, har kukan awaki kana ji daga nesa. Da aka zo kan facin gwangwanin madara, wani ya ce wallahi jirginsa ne. Da aka zo kan giɓin haƙori, mutane suka leƙa bakin Tanko. Da aka zo inda masuncin ke jin bugun zuciyarsa yana wuce masu gadi, wata mai tallan fura ta dafe ƙirji. Abin kunya ne, amma gaskiya ce, na ɗan lokaci Labo ya ji daɗi. Da igiya a ƙugunsa da jini a kunnensa, ya ga mutane sun fi ɗari sun buɗe baki suna sauraren abin da ya rubuta, ba mai tari. Daɗin bai kai ko'ina ba, sai ya ga idon Idi.

"Ƙagawa na yi!" ya ce da ƙarfi. "Jama'a, gatana ta! Gasa ta, ta mujalla. Ba bindiga, ba komi!"

Idi ya juyo a hankali. "Gatana ta? To madalla. Alassan, duba saman takarda. Akwai ga ta nan?"

Alassan ya duba. "Babu."

"Duba ƙasa. Akwai ƙurunƙus?"

"Babu."

Wata tsohuwa mai daddawa, wadda ba ta da gaba da kowa, ta girgiza kai. "Ɗana, wa ya taɓa yin gatana da sunan mai rai? Ka ji tsoron Allah."

Taro ya amsa mata. Labo ya juya ga Alassan, ya kira shi da sunan da suke kiransa a lakwal, ya ce ai ka sani, kalmar nan fuska biyu gare ta, tare aka koya mana, ka gaya musu. Alassan ya sani. Amma a shekarar nan duk wanda ya yi magana don ɗaurarre, shi ake ɗaurewa gaba. Ya ƙura wa takardar ido.

"Ni abin da anka rubuta na karanta," ya ce.

Aka kwance Tanko daga dirka, aka haɗa su igiya ɗaya, aka kora su zuwa mashigin giginyu, rabin gari na biye. A gindin ta tsakiya Idi ya ce Tanko ya tona. Ba a ba shi fartanya ba. Ya durƙusa ya tona da hannu, in ya sassauta a zuba masa dorina a gadon baya, fata ta tashi, ƙudaje su sauka. Ya tona har faratansa suka ɓare, ramin ya kai ƙugu, ruwa ya fara tsattsafowa. Ba komai sai saiwa da yashi.

Labo ya ɗauka an gama. Ya ce kun gani, ba komai. Wauta ke nan ta mai ilimi, yana zaton rami marar komai hujja ce. Idi ya leƙa, ya yi ƙwafa.

"Sun kwashe. Wa kunka ba?"

Daga nan dukan ya canza. Da ana duka don a ji magana, yanzu ana duka don an ji kunya. Suka ɗauko itacen tuƙin jirgin Tanko, suka rufe shi da shi, a haƙarƙari, a gwiwa, a kafaɗa. Labo ya ji ƙarar ƙashi ya karye, irin ƙarar busasshen kara. Ya yi tsalle ya faɗa kan Tanko ya rufe shi da jikinsa, yana cewa ni ne, ni na rubuta, shi ko baƙi bai sani ba. Samari biyu suka ɓamɓare shi. Idi ya kama hannunsa na dama, ya shimfiɗa a kan wani kututturen giginya, ya taka wuyan hannun da ƙafa.

"Wanga na mai rubutun?"

Ya ɗaga gindin sanda ya sauke, ya sake, ya sake. Labo bai san muryar da ta fita daga bakinsa ba. Da ya duba, yatsun sun kalli wurare dabam-dabam.

Tanko na zaune a bakin ramin, kansa ya rataya, numfashinsa na fita da kumfar jini. Ya ɗago idon da ya rage, ya nemo Labo. Har a lokacin akwai wani abu mai kama da murmushi a fasasshen bakin.

"Mushe Angode," ya ce, da ƙyar ake jinsa. "Ta yi tsawo. Rufe ta mu tashi."

Labo ya miƙe a kan gwiwoyinsa, rana tsaka, gaban maza da mata da yara, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa.

"Ƙurunƙus kan kusu! Ƙurunƙus! Jama'a, ƙurunƙus kan kusu!"

Wasu yara suka yi dariya, don ba su taɓa jin babba ya faɗe ta da rana ba. Manya suka sunkuyar da kai. An ce a daidai nan da mutum ɗaya ya amsa, da mutum ɗaya ya kaɗe riga ya juya, da wataƙila taron ya watse. Ba wanda ya motsa.

"Ba ka buɗe ba," in ji Idi, "mi za ka rufe?"

Ya karɓi itacen tuƙin daga hannun wani yaronsa, ya sauke shi a ƙeyar Tanko. Tanko ya kife cikin ramin da ya tona, ƙafafunsa a waje. Suka ɗan motsa, suka bari. Zuwera ta ƙwace daga hannun matan, ta faɗa ramin, ta ɗago kan ƙaninta daga cikin ruwan, tana kiran sunansa, tana share masa yashi daga fuska.

Sai bayan haka jandarmomi suka iso. Aka ɗauki Labo da takardunsa zuwa Dosso, ya yi watanni a tsare. A ƙarshe wani babba mai karatu ya zauna ya karanta, ya gane abin da ke gabansa, ya sa a sake shi. Da yake sallamarsa ya ce rubutun ba laifi, ƙarshen ne ya ɗan yi sanyi. Wannan ne kaɗai sharhin da labarin ya taɓa samu, kuma takardun ba su dawo ba.

Hannun ya warke a murɗe, ba ya riƙe alƙalami, ba ya riƙe lauje. Labo ya koyi yankan shinkafa da hagu, bai koyi rubutu da ita ba. Zuwera ba ta bar gidan ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Tana ba shi tuwo, tana wanke masa tufafi, sunan ƙaninta dai bai sake fita daga bakinta a gabansa ba. Matar Tanko ta yi takaba, ta yi wani aure a Zabori, aka kawo wa Zuwera jaririyar, Ladi, ta raine ta. Aka buɗe gada, 'yan sintiri suka kwance jan ƙyalle, Idi ya koma dako a tashar mota, yana gaida Labo in sun haɗu.

Labarin kuwa bai mutu ba. Garin da ya tsaya ya kalli abin da aka yi a mashigin giginyu ba shi da mafita sai ya yarda akwai bindigogin, in ba haka ba me suka tsaya kallo? Don haka suka riƙe shi, suka yi ta ba juna, a majalisa, a jirgi, a wurin suna. Masu ƙaramin tunani har sun riƙa zuwa suna tona gindin giginyun, sai da ta tsakiya ta faɗi.

Wata rana da kaka, ana sussukar shinkafa a tsakar gida, Ladi ta dawo daga ɗibar ruwa. Ta yi wayo lokacin, ta fara ɗaura kallabi, ga giɓin ubanta a baki, ga surutunsa. Ta sauke tulu, idonta na ƙyalli.

"Baba, ashe babana jarumi na? Yau anka ba ni labarinshi a bakin gulbi."

Ba ta jira amsa ba, ta zauna a kan turmi ta fara. Ta faɗi kwalekwale mai facin gwangwanin madara. Ta faɗi busasshen kifi da abin da ke ƙarƙashinsa. Ta faɗi yadda zuciyarsa ke bugawa yana wuce masu gadi, da kalmomin da Alassan ya juya su, kusan ba abin da ya ɓata a hanya. Labo na zaune, murɗaɗɗen hannunsa a cinya, yana jin jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya suna fitowa daga bakin 'yar Tanko. Zuwera ta tsaya da faifai a hannu, ƙaiƙayi na zuba a ƙafarta.

Da yarinyar ta kai ƙarshe ta dubi Labo, tana jiran ya yaba. Labo ya buɗe baki, muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ƙurunƙus kan kusu."

Ladi ta ɓata fuska, ta ji an wulaƙanta mata uba.

"Haba Baba! Ba gatana ba ta. Labari na, kowa ya sani."

Zuwera ta ajiye faifan a ƙasa, ta shiga ɗaki, ta saki labule. Labo ya laluba laujensa da hannun hagu, ya fita zuwa fadama.